Akushin da Yake Dawowa daga Zaure

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma. Kakana na wajen uba ya riga mu tafiya a gidansa da ke Wara, bayan ya gama zagin likita, da allurar likita, da wanda ya ɗauki nauyin karatun likita.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, ƙaryar da na ji a zaman makoki ce ta fi ƙarfin kunnena. Tun ba a dawo daga maƙabarta ba aka fara sauya mana Tsoho. Wani dillalin albasa daga Yelwa, wanda na gani da idona Tsoho ya kora daga zaure da filafilin jirgi, ya zauna yana girgiza kai yana cewa, "Allah Sarki, bawan Allah mai sanyin hali. Ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba." Na dubi hannun mutumin, na ga yatsunsa sun cika. Na tabbata bai taɓa gwadawa ba.

Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Shanga, ta faro kukanta tun daga tasha. Duk unguwa ta san ta iso kafin ta iso. A ƙofar gida wayarta ta yi ƙara, ta tsayar da kukan cak, ta yi cinikin buhun shinkafa da murya garau, ta mayar da wayar cikin jaka, sannan ta ɗora daga daidai inda ta tsaya.

Baffa, yayan Baba, ya zo daga Birnin Kebbi cikin shadda mai tsayuwa da kanta. Turarensa ya kori warin kifin da ya yi shekara da shekaru a zaurenmu, har ƙudaje suka rasa hanyar gida. Ya sa aka kawo masa kujerar roba, ya kafa ta a daidai inda Tsoho yake shimfiɗa buzunsa, ya ce wa jama'a, "Mahaifinmu bai taɓa ɗaga murya a kan kowa ba." Wannan kuwa mutum ne da in ya kira sunan yaro a bakin ruwa, masunta a tsakiyar tafki suke amsawa.

Mutum ɗaya ce ba ta ce komai ba, ita ce Kaka, matar Tsoho. Tana zaune a ɗakinta da carbi, ba ta yi kuka ba, ba ta yi yabo ba, kuma tun da aka fita da shi ba ta sa loma a baki ba. Mata sun jera mata kuloli har sun kusa toshe ƙofa. Matar Baffa ta kawo farfesun kaza da madarar gwangwani da lemon kwalba. Goggo ta kawo waina. Duk wanda ya buɗe kula ya tura gabanta, sai ta ce, "Na ƙoshi," ta kau da kai. Ruwa kawai take kurɓa. Ranar sadakar uku da safe ta tashi za ta yi alwala, ƙafafunta suka ƙi, sai da Inna, mahaifiyata, ta tare ta.

Baffa ya yanke hukunci a tsakar gida, yana karkaɗa makullin mota. In ta kai gobe ba ta ci ba, zai sa ta a mota ya kai ta Birnin Kebbi a yi mata ƙarin ruwa, kuma can za ta ƙarasa takaba. Ya ce ya tambayi malamai, lalura ta halatta. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Tsohuwar nan ba ta taɓa kwana inda ba ta jin ƙarar ruwa ba. In suka tafi da ita, gawarta za su dawo mana da ita."

Kafin in faɗi yadda aka ƙare, bari in mayar muku da Tsoho yadda Allah Ya yi shi, tun da 'ya'yansa sun ƙi.

Sunansa aka sa mini. Kaka ba ta faɗin sunan mijinta, don haka tun ina cikin zanen goyo take kirana Maigida. Shi kuma tun daga ranar ya ɗauke ni abokin gaba. In na shigo zaure sai ya ɗago daga tarun da yake ɗinki, ya dube ni sama da ƙasa kamar mushen kifin kurungu, ya ce, "Ga mai son matar mutane ya zo. Kai, da mi za ka ciyar da ita? Da waya?"

"Ai ta ce ta gaji da tsoho mai haƙori biyu."

"Haƙoran nan biyu sun ci abin da ubanka bai taɓa gani ba. Tahi ka wanke hancinka."

Babu abin da Allah Ya halitta bayan haihuwarsa da ya burge shi. Jirgi mai inji, a wurinsa, na ragwaye ne. Kifin ƙanƙara gawa ce da aka hana jana'iza. Kujerar roba kuwa, wadda Baffa ya kafa a gurbinsa, ya taɓa cewa duk namijin da ya zauna a kanta ya sallama wa duniya. Tafkin kansa, da ya ci abinci a kai duk rayuwarsa, bai taɓa kiransa da suna ba. Ruwan gwamnati yake ce masa, saboda shi ya cinye garin da aka haife shi.

Lokacin da yake da ƙarfi, shi ke ɗauko mutane daga ƙauyukan ƙetare ranar kasuwa. Akwai wani wuri a tsakiyar ruwa, babu itace, babu dutse, babu wata alama da ɗan Adam zai gani. Yana zuwa nan sai ya ɗaga filafili, jirgi ya tsaya, ya yi sallama da ƙarfi. Ya ce ƙofar zauren ubansa ce a ƙasa, kuma shi ba a yi masa tarbiyyar wuce gidan uba ba gaisuwa ba. Mata masu tallan nono suna ƙorafi rana tana yi, mai akuya yana roƙo, shi kuwa sai ya karanta Fatiha a tsanake, ya shafa, sannan ya ce, "Wanda yake sauri shi sauka shi taka." Ban taɓa jin wanda ya sauka ba. Har yau akwai matuƙan da in sun zo wurin suke rage wuta, ba su ma san dalili ba.

Da gwiwa ta ƙi, sai ya koma zaure yana gyaran taru da ragar birgi. Samarin masunta su kawo masa ragar da ta yage, ya shimfiɗa ta, ya yi tsaki mai tsawon kiran sallah, ya tambayi mai ita ko da haƙori ya ja ta. Sai ya zage shi, ya zagi wanda ya koya masa su, sannan ya ɗinke ta yadda ba za ka gane inda ta yage ba. Suna fita suna gunaguni, gobe su dawo.

Amma duk zagin da ya yi wa duniya, bai kai wanda ya yi wa miyar Kaka ba.

Ga yadda abin yake, kullum, bayan Azahar. Kaka ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar kifi, wani lokaci ragon ruwa, wani lokaci tarwaɗa. Akushin Tsoho za ta fara cikawa, wani baƙin akushi da ya girmi Baba, ta sa masa kai da tsakiyar kifin, a kai zaure. Daga nan sai rabo. Mu jikoki, da Inna, da 'ya'yan maƙwabta da suka san lokaci fiye da ladan, da matan Kambari masu kawo itace, da duk baƙuwar da jirgi ya bari. Kaka ba ta iya ganin baki a rufe ba ta tura masa wani abu ba. Kafin ka ankara, ana kankare tukunya.

Can sai murya ta taso daga zaure. "Kai, wa ke nan? Zo ka ɗauke wanga abu daga gabana."

Yaro ya ruga. Tsoho ya tura masa akushin da ƙafa, a rufe da faifai, ya ce, "Tahi ka hwaɗa mata, ruwan gwamnati ya hi wagga miya ɗanɗano. Ta ci abinta."

Saƙon yakan canza. Wata rana gishirin ne ya yi yawa har zai iya jeme fata. Wata rana kifin ne ya mutu da baƙin cikin hannun da ya faɗa. Amsar Kaka ce ba ta canzawa. "Hwaɗa mashi, in ya iya shi zo shi dahwa." Sai ta karɓi akushin, ta juya mana baya, ta fuskanci bango.

Mu yara mun ɗauki wannan a matsayin wasan kwaikwayo na kyauta. Goggo kuwa takan ce uwarta ta yi haƙurin da babu macen da za ta yi, kuma da ita ce, da tuni ta kifa masa akushin a ka. Mijin Goggo mutum ne mai yabon girki. Yakan yaba, ya cinye, ya nemi ƙari, ya side kwano. Ku riƙe wannan.

Rigima mafi girma da na gani a gidanmu a kan akushin nan aka yi ta. Wata ƙaramar Sallah Baffa ya zo, ya ce yau da mahaifinsa zai ci. Ya wanke hannu ya zauna. Tsoho ya ci 'yan lomominsa ya tsotse kan kifi ya janye hannu, kamar yadda ya saba. Baffa kuwa ya naɗe hannun riga. Yana ci yana santi, yana cewa duk Birnin Kebbi babu mai miya irin ta tsohuwarsa. Ya cinye tuwo, ya cinye tsakiyar kifi, ya bi akushin da yatsa har ya yi ƙyalli.

Tsoho ya dubi akushin, ya dubi ɗansa.

"An gayyace ka?"

"Baba, ai albarka nake nema."

"Albarka a gindin akushi take? Kai da ka zo da tumbi kamar randa, abincin tsohuwa za ka share? Tashi ka ba ni wuri."

Baffa ya fita yana huci. Ya gaya wa duk dangi cewa tsufa ya sa mahaifinsu rowa, har yana ƙyashin loma ga ɗan cikinsa. Kowa ya yarda, har da ni. Abin da na tuna daga baya shi ne, da la'asar ɗin ranar Tsoho ya ja gwiwarsa har bakin ruwa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya dawo da karfasa gasasshiya a ƙunshe cikin takarda, ya jefa wa ƙanwata, ya ce, "Kai ma kakarki. Ce mata an ba ni, na ba kyanwa ta ƙi."

To, mu koma ranar sadakar uku.

Ina zaune a bakin madafa ina kallon mata suna ta fama da Kaka. Goggo ta durƙusa da cokali tana lallashi kamar mai ba jariri koko. Matar Baffa tana bayanin sinadaran da ke cikin madara. Sai na hango akushin Tsoho a kife kan danga, an wanke shi, ya bushe har ya fara tsagewa. Matar Baffa ta riga ta ce za ta tafi da shi ta ajiye a falo, wai kayan tarihi ne.

Na ce, "Inna, wane ne kwanon Kaka?"

"Wane irin kwano?"

"Wanda take cin abinci a ciki. Kowa a gidan nan yana da nasa. Nata fa?"

Inna ta bi kwanonin madafa da kallo. Ta ajiye muciya. Sannan ta ce, a hankali, "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ta zuba wa kanta ba."

Tukunya takan ƙare a kan mutane. Abin da ya dawo daga zaure, shi ne abincinta. Da irin mijin Goggo ta aura, da kullum da yunwa za ta kwana. Kuma in da Tsoho ya taɓa cewa ya rage mata ne don tausayi, da ta raba wa jikoki kafin ya rufe baki. Abin da aka zaga aka ce ta ci abinta, shi ne kaɗai ba ta iya ba kowa.

Na ce wa Inna ta cika akushin. Ta dube ni ta ce, "Baffanka zai kashe ka." Na ce in ya kashe ni a yi makokin gaba ɗaya, tun da kujeru suna nan. Ta yi tuwo, ta yi miyar ragon ruwa, ta sa kai da tsakiya.

Bayan Azahar zaure ya cika da masu gaisuwa. Na shiga da buzun Tsoho a hammata, na shimfiɗa shi dab da ƙafar kujerar Baffa, na zauna na harɗe. Ƙanwata ta kawo akushin ta ajiye a gabana. Kowa ya zubo mini ido. Dillalin albasa ya tsaya da goro a hannu.

Na ci loma kaɗan daga gefe. Na ɗauki kan kifi na yi ta fama da shi, ƙaya ta soke ni a dasashi, na daure. Na tura tsakiyar ƙarƙashin tuwo, na rufe da faifai. Sannan na tattaro duk muryar da nake da ita, wadda ba ta kai rabin tasa ba.

"Ke, zo ki ɗauke wanga abu daga gabana. Tahi ki hwaɗa ma matata, ruwan gwamnati ya hi wagga miya ɗanɗano. Ta ci abinta."

Baffa ya miƙe har kujera ta faɗi. "Wannan wane irin rashin tarbiyya ne? A gidan mutuwa? Kana kwaikwayon mamaci?" Ya ɗaga hannu. Baba ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Yaya, bar shi. Shi da matarsa ne." Liman ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Na bi bayan ƙanwata na laɓe a bakin ƙofar ɗaki. Yarinyar ta ratsa tsakanin kuloli, ta ajiye akushin, ta isar da saƙo kalma bayan kalma, har da tsakin. Goggo ta dafe ƙirji ta fara salati. Kaka ta dubi akushin. Ta daɗe tana dubansa. Carbin hannunta ya tsaya.

Ta ce, da wata murya da ta kwana uku ba a yi amfani da ita ba, "Hwaɗa mashi, in ya iya shi zo shi dahwa."

Ta jawo akushin, ta juya wa mata baya, ta fuskanci bango. Na ji faifai ya tashi. Na san lokacin da yatsunta suka sami tsakiyar kifin a ƙarƙashin tuwo, domin a lokacin ne kafaɗunta suka fara girgiza. Kukan Kaka ba shi da sauti, ba irin na tasha ba ne. Tana yi tana ci. Inna ta kori matan waje ɗaya bayan ɗaya, ta saki labule.

Da akushin ya fito babu komai a ciki sai ƙaya. Ƙanwata ta kawo mini shi har zaure, a gaban jama'a, da saƙo. "Ta ce a gaya wa ƙaramin, mai gidan yakan tsotse kai har ƙashi ya yi fari, shi kuwa ko idon bai iya cirewa ba. Ta ce ba ta taɓa ganin mijin banza irinsa ba. Ta ce kuma a gaya wa Inna, a kan miyar, yaron bai yi ƙarya ba."

Washegari Baffa ya koma Birnin Kebbi da matarsa, kujerar bayan mota babu kowa. Akushin bai je falo ba. Amma na ga Baffa ya tsaya a zaure yana kallon akushin kafin ya shiga mota, kuma ina jin ya tuna wata ƙaramar Sallah.

Yanzu Kaka ta koma bakin murhu, domin ta ce ba za ta bari surukarta ta kashe ta da lami ba. Ni kuma na gaji aikin da ban nema ba. Kullum in na dawo daga makaranta buzu yana jirana. In ci kan kifi, in ɓoye tsakiya, in nemo sabon zagi, domin in na maimaita na jiya sai ta aiko a ce mini Tsoho bai taɓa maimaitawa ba. Kuma miyar Kaka, ku yarda da ni, in ka sa ta a baki kunnenka har motsi yake. Ka janye hannu daga wannan miya alhali cikinka yana kuka, ka ɗaure fuska ka ce ba ta ciwuwa, ka yi haka tun kana saurayi har haƙoranka su koma biyu. Duk masu cewa Tsoho mai sanyin hali ne, a ba su akushin nan rana ɗaya mu gani.

Allah Ya jiƙan Tsoho, Ya yafe masa abin da ya faɗa wa likita, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da zauren da ya fi wanda ruwa ya ci. In an kawo masa abincin Aljanna, Allah Ya ba shi ikon yin shiru. Matar dai ya bar mini ita, kuma tana ci.